Shekarar da Aka Naɗe Dala a Tafkin Kainji

A shekarar 1999 aka tsaya tsayin daka kan hana jan dala a Tafkin Kainji. A lokacin babu ragar da ta kai ta cika jirgi, kuma dubban bakuna daga Yelwa har gaɓar Ngaski da ita suke ci. Duk da haka aka ce a naɗe ta, kuma cikin waɗanda suka goyi bayan hanin har da shugabannin masunta kansu.

Tafkin ba tsoho ba ne. A 1968 aka kammala madatsar Kainji a kan Kogin Kwara, ruwa ya taru ya shafe tsohon garin Busa da tsibiran Gungawa masu yawa, aka tashi mutum kusan 44,000 aka sake musu matsuguni. Shekarun farko kifi ya yi albarka irin wadda ba a taɓa gani ba, musamman faliya. A 1971 an ƙiyasta kamun shekara da tan sama da 28,000. Sarkawa da sauran masunta suka yi ta kwararowa daga nesa. Kafin 1978 kamun ya faɗo zuwa wajen tan 4,500. Wato tun kafin zancen dala ya taso, mutanen wannan ruwa sun riga sun ga da idonsu cewa tafki ma yana gajiya.

Sai hankali ya koma kan warangi, ɗan mitsitsin kifin nan mai ƙyalli da bai kai yatsa ba, wanda ake shanyawa a rana a auna a kwano. Da ragar atalla ake ɗibarsa a da, kaɗan-kaɗan. Dala kuwa doguwar raga ce mai idanu irin na gidan sauro. A jirgi ake loda ta a zagaya da ita cikin ruwa, a dawo da bakinta biyu gaɓa, majiya ƙarfi su rabu gida biyu su kama igiya, su yi ta ja da baya da baya, ƙafa na nutsewa cikin laka, har cikin ragar ya fito tudu. Ba ta zaɓe. Duk abin da ta tarar a bakin ruwa nata ne, alhali bakin ruwan nan shi ne inda ƙananan kifaye ke fakewa su girma.

Wanda ya tsuguna ya tona tarin abin da dala ta fitar da hannu zai gane abin da ake faɗa. Cikin warangin ga 'ya'yan ƙarfasa masu faɗin farce, ga faliya da ba ta kai sule ba, ga ɗan giwan ruwa da bai fi ɗan yatsa ba, idonsa na haske, wanda da an bar shi zai yi girman da sai mutum biyu su ɗauka. Babu mai jan igiyar da bai san sunan kowannensu ba. Tun yana yaro yake bambance su. Kuma ya san warangin kansa shi ne abincin giwan ruwa da tsage.

Nan ne zancen ya fi taɓa ni. Akwai wata ɓarna da ta girmi dala a ruwayenmu, wato zuba Gamalin, maganin ƙwarin koko, don kifi ya taso matacce. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya. Amma tun kafin doka, mai zuba guba abin ƙyama ne. Shi kaɗai yake fita, a ɓoye, kuma in an gano shi ya sha tsinuwar gari. Ba wuya mutum ya ƙi zama irinsa. Dala kuwa a wancan lokaci a bainar jama'a ake jan ta, kuma masu jan ta mutanen kirki ne: kawunka ne mai ragar, wanka ne a gaban igiya, abokinka na ƙuruciya ne a bayanka, tare za ku tsaya sallar asuba in an gama. Wa za ka nuna wa yatsa?

Saurayin da zuciyarsa ta ƙi natsuwa ya ce, “Kawu, yau fa 'ya'yan kifi sun yi yawa,” ya san amsar tun kafin ya rufe baki. “Kai yaro, ka fi mu sanin ruwa ne? In mun bari, na ƙauyen gaba za su bari?” Wani daga gefe ya ƙara masa da, “To malam, yau kasonka sai ka bar mana.” A yi dariya, shi ma ya yi, ya koma kan igiya. Ba tsoro kawai ya mayar da shi ba. Ba albashi ake biyansa ba, kaso ne daga abin da aka kama, don haka hannunsa in ya yi sanyi, tukunyar gidan abokinsa ce za ta ragu. Mai ragar shi ma ba a sake yake ba, sau da yawa bashin dillali ne a wuyansa, kuma dillali buhu yake ƙirgawa ranar kasuwar Yauri ko ta Malale. Tambayar kawun kuma gaskiya ce tsagwaronta. Wanda ya bari shi kaɗai bai ceci kifi ko ɗaya ba, ya dai bar wa wani.

Waɗanda suka fara jin jiki su ne masu kamun manyan kifi da kalli da birgi da mamari, domin kifin da za su kama baɗi shi ake shanyawa bana a kan tabarma.

A 1993 aka fara wani shiri na haɗin gwiwar Najeriya da Jamus, ta hannun hukumar GTZ, tare da cibiyar binciken kifi ta NIFFR da ke Sabuwar Busa. Ma'aikatansa suka bi ƙauyukan masunta kusan 300 suna ƙirga jirage da raga, suna auna abin da ake saukewa. Alƙalumansu sun nuna kamun tafkin ya haura tan 38,000 a 1996, kuma warangi ne kan gaba. Wanda ya kalli jimilla kawai zai ce tafki na cikin ƙoshin lafiya. Wanda ya kalli girman kifin da ke shiga kalli ya san ba haka ba ne.

Abin da shirin ya yi daidai, a ganina, shi ne bai dogara da takardar doka kaɗai ba, ko da yake jihohin Kebbi da Neja sun yi dokokinsu. An shigo da masarautun Yauri da Borgu, da sarakunan ruwa, da wakilan masunta. Aka yi ta zama ƙauye-ƙauye, aka fito da lasisin kamun kifi, aka ƙayyade idon kalli kada ya gaza inci 3. Da aka zo kan dala, hani ya faɗa wa kowa lokaci guda, kuma daga bakin waɗanda ake jin nauyinsu ya fito. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: matsin da a da yake mayar da saurayi kan igiya, shi ne yanzu ya juyo kan mai raga. Kawun da ke tambayar ko na ƙauyen gaba za su bari ya sami amsa, domin su ma Sarkin Ruwansu ya kira su.

Ba kyauta aka samu wannan ba. Kafin 2001 kamun shekara ya sauko zuwa wajen tan 13,000, kuma wani kaso babba na wannan raguwa warangin da aka daina ja ne. A takarda lamba ce. A gaɓa kuwa matan da ke shanya da aunawa ne suka rasa abin yi, da talakan da warangi ne kaɗai naman miyarsa. Mai raga ko ba komai yana da jirgi da inji da zai juya su wata sana'a. Yaran igiya ƙarfinsu kaɗai suka mallaka, kuma su suka fi kowa ɗanɗana kuɗar gyaran, alhali ba su suka fi cin ribar ɓarnar ba.

Dala kuma ba ta ɓace ɗungurungum ba. Wasu sun naɗe ta da gaske, suka koma kalli da atalla, ko noman albasa da shinkafa a fadamar da ruwa ke bari in ya ja baya. Wasu sun ɓoye ta ne kawai, suna fitowa da ita cikin dare a lungunan da jirgin sintiri ba ya kaiwa, kuma da shirin ya tattara ya tafi, sa ido ya yi rauni, sai ta ƙara samun hannayen da za su ja ta.