Shekarun Aiki a Ƙetare da Lissafin Zama Ɗan Nijeriya

Ma'aikaciyar tarayya da aka tura ofishin jakadanci a ƙetare tare da mijinta baƙo tana iya dawowa da ƙarin girma, shi kuwa mijin ya tarar lissafinsa na zama ɗan Nijeriya ya koma baya. Tushen matsalar yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999.

Sashe na 26 ya bai wa baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, bai kuma ƙayyade mata shekarun zama ba. Abin da ake nema shi ne halin kirki, da niyyar zama a Nijeriya, da rantsuwar biyayya. Baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba shi da wannan ƙofa, sai dai ya bi sashe na 27. A can hanya biyu ce: ko ya zauna shekara 15 a jere, ko kuma wata 12 a jere gab da neman, haɗe da jimillar shekara 15 cikin shekara 20 da suka gabaci waɗannan watanni. Wato rangwamen da ke gare shi shekara biyar ne kacal.

A ɗauki misalin 'yar Fadan Kagoma, a Ƙaramar Hukumar Jema'a, da ke aiki a Ma'aikatar Harkokin Waje tana auren ɗan Ghana. Idan aka tura ta waje sau biyu, kowanne shekara uku, ya kuma bi ta, shekara shida sun tafi, saura 14. Ya gaza da shekara guda, domin sashen bai keɓe wanda ya raka matarsa aikin gwamnati ba. Dokar Amurka kuwa ta ɗauke sharaɗin zama ga mijin ko matar ma'aikacinta da ke aiki a ƙetare.

Akwai wani sharaɗin da ake mantawa da shi: sai gwamnan jihar da mutum zai zauna ya gamsu cewa al'ummar wurin ta karɓe shi, ya kuma saje da rayuwarta. Mijin da bai taka ƙasar Gwong ba sai ranar ɗaurin aure, dattawa ba su san fuskarsa ba, da wuya a samu mai ba da wannan shaida a Kafanchan ko Kaduna.

A ranar 1 ga Maris, 2022, Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta yi watsi da ƙudirin da zai daidaita mazajen da matan a wannan fanni. Don haka, kafin a karɓi takardar turawa, ya kamata ma'aurata su ƙirga shekarun, su adana tsofaffin fasfo masu hatimin shiga da fita, su kuma riƙa zuwa gida. Waɗannan su ne hujjojin da za su amfane su ranar da takardun suka isa Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida.