Gonar Gado da Dokar Gwamna a Ƙasar Daura

Tambayi manomi a Sandamu ko Baure gonar wa yake nomawa, zai ce ta gado ce, ya nuna maka iyakarta, ya kafa shaida da maƙwabta da mai unguwa. Doka ba haka ta ce ba. Bayan kwamitin da ya zauna a Landan a 1908, zamanin Gwamna Girouard, Turawa suka zartar a 1910 cewa ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, talaka amfani kawai yake yi da ita. Dokar 1962 ta gaji wannan ra'ayi, ta 1978 kuma ta shimfiɗa shi a kan Nijeriya baki ɗaya. Shi ya sa idan gwamnati ta karɓi gona, diyyar shuka da gini take biya, ban da ƙasar kanta.

A ganina, duk gyaran da za a yi wa wannan doka sai ya fara daga tsofaffin takardu: rahotannin kimanta haraji da ke gidan adana takardun tarihi na Kaduna, da littattafan kotunan alƙalai, inda ake rubuta shari'un gado da aro da jingina da ciniki. Daura ta fi ko'ina bukatarsu, domin mulkinta ya sha sauya hannu. Jihadi ya kori tsohon gidan sarauta, zuriyarsa suka kafu a Zango da Baure, iyakar Ingila da Faransa ta ratsa ƙasar, sannan a 1906 Turawa suka mayar da sarauta ga tsohon gidan, suka ɗora Malam Musa kan gadon Daura. Kowane sauyi ya taɓa mai karɓar haraji da mai ikon ba da saura, kuma littafin M. G. Smith kan Daura, na 1978, ya bi diddigin sarautun. Abin da ya rage shi ne a bi sawun gonakin.

Wani zai ce Bature ne ya rubuta rahotannin nan, don haraji ya rubuta, bai damu da rabon mace ko burtalin makiyayi ba. Gaskiya ne, kuma dalili ke nan da ba za a karanta su su kaɗai ba, sai an haɗa da bakin dattawa. Wani kuma zai ji tsoron tono tsohuwar rigima. Amma rigimar tana nan, kuma inda babu rubutu mai kuɗi ne ke fitowa da takardar mallaka. A ƙetaren iyaka, Nijar ta yi dokar karkara a 1993, ta amince da mallakar gargajiya, ta kafa kwamitocin ƙasa masu rubuta ta. A nan, Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin Farfesa Mabogunje kan gyaran dokar ƙasa a 2009, amma dokar 1978 na nan daram cikin tsarin mulki. Masarauta da ƙananan hukumominta biyar ba sa bukatar jiran Abuja kafin su tattara littattafan alƙalai su ɗauki hotonsu, tun gara ba ta cinye ba.