Funtuwa, Garin Auduga

In mutum ya duba taswirar Amurka zai ga birane da yawa a bakin kogi suke, domin a can ruwa shi ne hanyar farko. Ga Memfis, alal misali, a bakin kogin Misisifi: jiragen ruwa ke kwasar audugarta, har ta zama babbar kasuwa. Mu ma muna da garin auduga, watau Funtuwa, amma ba kogi ya raya ta ba. Gaskiya ne Gulbin Sakkwato daga wajenta yake tasowa, ya bi ta Gusau, ya haɗu da Rima, ya zuba cikin Kwara. Amma a nan mafarinsa ko kwalekwalen kaya ba ya ɗauka. Kogin Funtuwa na ƙarfe ne.

Kafin Turawa, Maska ce babban gari a wannan yanki da ake kira Katsina Laka, sanannen wurin saƙa da rini. Da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta kai Ƙauran Namoda a 1929, sai ta ratsa Funtuwa ta bar Maska a gefe. Shi ya sa hakimin ƙasar, ko da yake Sarkin Maska ake kiransa, a Funtuwa yake zaune. Sarauta ta riƙe sunan tsohon gari, kasuwa kuwa ta bi tasha.

Unguwannin garin su kansu littafi ne ga mai son karatu. Wadda ake kira Bisije ta sami sunanta daga BCGA, ƙungiyar da masu masaƙun Ingila suka kafa a 1902 don neman auduga, wadda ta kafa injin gurza a nan. Sabon Gari da Tudun Wada kuwa sunayensu sun isa shaida, mazaunin baƙi ne, leburorin jirgi da akawuna da 'yan kasuwa, Yarabawa da Ibo da Hausawan wasu ƙasashe. Akwai kuma Maƙera da Jabiri da Ɗandutse. Cikin baƙin da garin ya riƙe har da Mamman Shata, mutumin Musawa, wanda ya rasu a 1999.

To, yaya cinikin ya gudana? Irin da aka raba wa manoma, wanda ake kira Allen, asalinsa daga Amurka ne, ya kuwa so baƙar lakar nan mai riƙe ruwa. A shuka da damina ta kankama, a tsinka da kaka, a kai kasuwar auduga a duba kyanta a auna. Daga nan sai inji, a raba ta da angurya, a matse ta dila-dila, jirgi ya kai Ikko. Daga 1949 hukumar ciniki ke yanka farashi, har aka rushe ta a 1986. Manomi ya sami 'yancin sayarwa inda ya so, amma ya rasa mai lamunce masa iri nagari da farashi tabbatacce. Da masaƙun Kaduna da Kano suka yi ta rufewa, sai masu saye suka ragu. A ganina wannan ya fi kowace tsutsa cin audugarmu.

Abin da ya tallafi garin biyu ne. Na ɗaya masara, wadda shirin noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da kuɗin Bankin Duniya ya yaɗa tare da takin zamani, har kasuwannin Dandume da Bakori suka cika da buhunanta. Na biyu hanyoyin mota, don nan ta Zariya da ta Gusau da ta Malumfashi da ta Birnin Gwari suka haɗu. A 2024 an buɗe tashar tsandauri, inda ake shirya kayan fita waje kamar a bakin teku. Amfaninta ya rataya ga jirgin ƙasa ya dawo da ƙarfinsa, da kuma manomin Faskari da Sabuwa ya iya zuwa gonarsa ba tsoron 'yan bindiga.