Fitilar UV a tankin kifi: abin da take kashewa da abin da ba ta taɓawa

Duk wanda ya taɓa leƙa masana'antar ruwan leda ya ga wani bututun ƙarfe mai sheƙi da ruwa ke bi ta cikinsa kafin ya shiga injin ɗinke leda. A cikin bututun akwai fitilar UV. Wannan na'ura ce yanzu ta fara jan hankalin matasa masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi da masu ƙyanƙyasar tarwada a bayan gida, musamman bayan sun kalli bidiyon tankunan ruwan gishiri na Turai a YouTube da TikTok, ruwa tas kamar babu shi. Sai mutum ya nufi France Road a Sabon Gari neman "fitilar da ke kashe cuta". Kafin ka cire kuɗinka, ya kamata ka san me kake saye.

Hasken da ke wannan aiki shi ne UV-C. Fitilar tana ɗauke da ɗan zaiba, kuma tana fitar da haske mai tsawon zango kusan nanomita 254, wanda ke lalata DNA na ƙwayoyin cuta har su kasa hayayyafa. Dabarar ta daɗe: tun 1877 wasu masana biyu a Ingila, Downes da Blunt, suka nuna cewa hasken rana na hana bakteriya yaɗuwa, kuma a 1910 aka gwada tsaftace ruwan sha da UV a birnin Marseille na Faransa.

Abu na farko da masu talla ba sa faɗa shi ne, fitilar tana kashe abin da ya ratsa ta gabanta ne kawai. Kamar manhajar da ke tace abin da ke shigowa wayarka ce, wadda ba ta cire bairos ɗin da ya riga ya zauna a ciki. Idan ruwan tankinka ya koma kore saboda ƙananan gansakuka masu yawo, UV za ta washe shi cikin 'yan kwanaki, nan kam ba ta da na biyu. Amma gansakukar da ta manne a gilashi tana nan daram. Haka cutar fararen ɗigo da ke fitowa a jikin kifi: ƙwayar tana ɓuya a cikin fata da matsefin numfashi, daga baya ta faɗa ƙasan tanki ta hayayyafa. Ɗan lokacin da 'ya'yanta ke iyo ne kaɗai fitila za ta iya samunsu, shi ma sai waɗanda famfo ya zuƙo. Tana rage yawansu, ba ta warkar da kifin da ya kamu. Ba ta kuma cire amoniya da kashin kifi ke haifarwa, wadda ke kashe ƙananan tarwada a dare ɗaya. Wannan aikin matata ne da canjin ruwa.

Sai batun gudun ruwa, inda aka fi asarar kuɗi. Ƙarfin kisan ya dogara ne da ƙarfin haske da daɗewar ruwa a gabansa. Mutum ya sayi fitila mai wat 9 ya haɗa ta da ƙaton famfo, ruwa na wucewa a guje, ƙwayoyin suna fita lafiya lau. Gansakuka da bakteriya ba su da wuyar kisa, amma ƙwayar fararen ɗigo sai an rage gudun ruwa sosai. Duba takardar na'urar, za ka ga lita nawa a awa aka ƙayyade mata. A ganina, wadda ba a rubuta wannan a jikinta ko kwalinta ba, ka bar wa mai shago kayansa. Kuma a sa ta bayan matata, domin ruwa mai dauɗa yana tare hasken.

Masu sha'awar tankin ruwan gishiri suna da ƙarin matsala. Kano ba ta da teku, saboda haka sai an haɗa ruwan da hannu: kimanin giram 35 na gishirin teku na musamman a kowace lita ta tataccen ruwa, ba gishirin miya ba. Wannan ruwa yana cin ƙarfe. Bututun ƙarfen da ake yi wa masu ruwan leda, wanda shi ne aka fi saurin samu a kasuwa, zai iya yin tsatsa ya fara yoyo. Na ruwan gishiri jikin roba ake yi masa. Idan kuma kana yi wa kifi magani, kashe fitilar, domin hasken na lalata wasu magungunan.

Fitilar tana zaune ne cikin wani kube na gilashin kwaz, saboda gilashin taga ba ya barin UV-C ya wuce. Ruwan bohol kan bar farin ɓawo a kan wannan kube, kuma da zarar ya rufe shi, aiki ya tsaya ko da fitila na ci. A riƙa cirewa ana gogewa da ruwan tsami na binega. Ita kanta fitilar ƙarfinta na raguwa bayan awa 8,000 zuwa 9,000, wato kusan shekara guda idan tana kunne dare da rana. Shuɗin hasken da ido ke gani zai ci gaba da fitowa, shi ya sa mutane ke zaton tana aiki. Sa ranar canji a kalandar wayarka. Yawan ɗaukewa da dawowar wuta na ƙara rage mata kwana, don haka gara a ɗora ta a kan inbata ko sola. Mai wat 11 ba ta cin abin da ya wuce wat-awa 264 a yini, ban da famfo.

Hattara da ƙananan fitilun LED masu launin shunayya da ake tallatawa da sunan UV. Yawancinsu UV-A ne, irin na duba jabun kuɗi, ba sa kashe komai a ruwa mai gudu. LED na UV-C na gaske akwai shi, amma ya fi tsada, kuma ana rubuta zangonsa, galibi tsakanin 265 da 280.

Ta gasken kuwa tana da haɗari. Kada ka kunna ta a waje da bututunta don "gwaji". Kallonta na ɗan lokaci kan ƙone saman ido, kuma zafin ba ya zuwa nan take, sai bayan wasu awanni mutum ya ji kamar an zuba masa yashi, irin abin da ke samun mai kallon walda. Idan ta fashe, buɗe tagogi, a fitar da yara, a kwashe da kwali, kada a share da tsintsiya saboda zaibar da ke ciki.

Wanda ke da kifin ado biyar a falo kuma ruwansa ba ya kore, kuɗin fitila gara ya sayi matata mai kyau da ƙaramin tanki na killace sabon kifi na 'yan makonni kafin ya haɗa shi da na gida. Mai ƙyanƙyasa da ke juya ruwa ɗaya tsakanin tankuna da yawa, shi ne fitilar za ta fi yi wa amfani, domin a irin wannan tsari ruwan ne ke kai cuta daga tanki zuwa tanki.