Dutsen Olumo: Mafakar Mutanen Da, Makarantar Yaran Yanzu

Duk wanda ya shiga Abeokuta, hedkwatar Jihar Ogun, ko ta hanyar Ikko ko ta Badun, abin da zai fara ɗauke masa ido shi ne duwatsu. Ga su nan birjik, har gidaje sun kutsa tsakaninsu. Sunan garin ma daga nan ya samo asali, don kuwa da Yarbanci ma'anarsa ƙarƙashin dutse. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Olumo, mai tsayin mita 137, wanda tun 1976 aka mai da shi wurin yawon buɗe ido.

Ran Asabar da lokacin hutu wurin ba ya rabuwa da 'yan makaranta. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne manyan duwatsu mulmulallu, waɗansu sun fi ɗaki girma, sun ɗare bisa juna kamar da hannu aka aza su. Da wuya a tashi ba wani yaro ya tambaya, wa ya ɗora su? Amsar ita ce ba hannun mutum a ciki. Zafin rana da ruwan sama ne suka yi shekaru aru-aru suna bin tsagogin dutsen suna ci, sa'an nan ƙasar da ke kewaye ta zaizaye, aka bar su curi-curi yadda ake gani.

Amma ba siffa kaɗai ta ba Olumo daraja ba. Bayan daular Oyo ta wargaje, yaƙe-yaƙe suka watsa garuruwan Egba, har wajen 1830 suka taru a nan bisa jagorancin Sodeke. Kogon da suka fake a ciki yana nan, babba sai ya sunkuya, yaro kuwa ya shige abinsa. A ƙasan kogon akwai ramukan da mata suka riƙa daka a ciki maimakon turmi. Yaron da ya sa hannu cikin ramin nan ya fi wanda ya haddace shafi goma sanin abin da ake kira gudun hijira. Garin da aka kafa a gindin dutsen shi ne ya kori rundunar Dahome sau biyu, cikin 1851 da 1864.

Daga ƙololuwa ana hango Kogin Ogun, da Babban Masallaci, da tsohuwar majami'ar Ake, da rufin kwano iyakar ganin ido.

To, sai dai hawa da yara yana bukatar hattara. Ko da yake an gina matakala, kuma a 2006 aka kafa na'urar hawa, akwai inda hanya ta ratsa matsatsin dutse, mutum ɗaya-ɗaya ke wucewa. Da damina dutsen santsi gare shi, da rani kuwa hantsi na yi sai ya ɗau zafi. Saboda haka gara a yi sammako, a riƙe ruwan sha, a bar silifa a gida. Babba ɗaya ya wuce gaba, ɗaya ya tsaya baya, a ƙirga yara a gindi, a sake ƙirga su a sama. Akwai kuma wurin bautar gargajiya a jikin dutsen, ya kamata tun a gida iyaye su yi wa yara bayani, su kuma hore su da kame baki.

In an sauko, kasuwar Itoku tana kusa, inda ake sayar da adire, watau rinin Yarbawa. Yaron da ya san marinar Ƙofar Mata a Kano, da ya ga shuɗin nan zai gane aikin baba ne. Da ma an ce tafiya mabuɗin ilmi.