Batirin Motar da Aka Ajiye

Duk wanda ya san unguwar Ƙofar Marke, wadda ta ci sunan ɗaya daga cikin ƙofofin tsohuwar ganuwar Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ɗan Shehu ya kafa a shekarar 1809, ya san cewa idan lokacin aikin Hajji ya gabato, ko kuwa fatauci ya yi nisa da maigida, akan kulle mota a gareji sati huɗu ko biyar, har ranar da mai ita zai dawo ya murɗa makulli ya ji shiru, sai ya ɗora alhakin a wuyan wanda ya sayar masa da batir, alhali kuwa illar daga zaman da motar ta yi ta samo asali.

Shi batirin mota, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago asalinsa a 1859, ɗakuna shida gare shi, kowanne da farantan dalma jiƙe cikin ruwan asid, kuma idan ya cika yakan nuna kimanin bolt 12.6. Ko ba a taɓa shi ba, ɗabi'arsa ce ya riƙa zubar da cajinsa sannu a hankali, zubar kuwa takan kusan ninkawa duk sa'ad da zafi ya ƙaru da digiri 10; to, mai karatu ya ƙiyasta halin da yake ciki a garejin da ke da rufin kwano, a garin da zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, yakan haura digiri 40 ko a inuwa. Ga kuma agogo da ƙararrawar ɓarayi da kwamfutar motocin zamani, waɗanda ba su daina tsotsa dare da rana. Idan caji ya sauka ƙasa da bolt 12.4 ya daɗe a nan, sai wani farin gishiri ya daskare a jikin farantan, wanda in ya riga ya ƙanƙame, mai cajin batir komai ƙwarewarsa ba ya iya mayar da shi yadda yake.

A nan ne nake da saɓani da al'adar da ta yaɗu a gidajenmu, ta umartar yaro ya tayar da mota minti biyar kowace safiya da niyyar raya batir. Niyyar kyakkyawa ce, amma aikin almubazzaranci ne, domin abin da tayarwa ɗaya ta zara daga batir, da wuya injin da ke tsaye ya mayar da shi cikin wannan ɗan lokaci, balle kuma hayaƙin salansa a cikin rufaffen gareji guba ce da ke halaka mutum ba tare da ya farga ba. Wanda aka bar wa amanar mota, abin da ya fi dacewa shi ne ya fita da ita sau ɗaya a mako, ya miƙe hanyar Gusau ko ta Birnin Kebbi na rabin sa'a.

Idan babu amintaccen direba, sai a kwance kan batir mai alamar ragi, a kawar da wayar gefe, ko da yake wasu motocin kan manta saitin rediyo da agogo. Mafi alheri a ganina, tunda wutar lantarki takan ɗauke, rana kuwa Allah Ya hore mana ita, shi ne a ɗora ƙaramin faifan sola a rufin gareji, bisa sharaɗin a haɗa shi da na'urar da ke tsayar da caji idan batir ya ƙoshi, don kada ya ƙafar da ruwansa.

Kafin tafiya a share ƙurar da ta kwanta a kan batir, a duba ruwan idan mai murfi ne, a cika da tataccen ruwan batir kaɗai, ban da na rijiya ko na famfo. Kada kuma a kusanto shi da ashana ko taba yayin caji, saboda iskar da yake fitarwa mai kamawa da wuta ce.