Kafin A Saya Wa Yarinya Fom Ɗin Kwaleji

Uwargida, in makin JAMB bai kai 'yarki ABU Zariya ko Bayero ba, kada ki karaya. Tana iya shiga aji biyu kai tsaye da difloma ta shekara 2, ko NCE ta shekara 3.

Sai dai ba kowace takarda jami'a ke karɓa ba. Tana duba darajar sakamako, da dacewar kwas, da kiredit 5 na sakandare. Don haka ku fara sanin sharuɗɗan jami'ar kafin zaɓen kwaleji, ku kuma tabbatar hukumar NBTE ko NCCE ta amince da kwas ɗin, don kada shekarun yarinya da kuɗin maigida su tafi a banza.

Allah Ya ba 'ya'yanmu sa'a.